Lissafin Manomi da Hukuncin Ubangiji a Ƙasar Ɗandume

Kafin ɗigon ruwan farko ya taɓa ƙasa a Ɗandume, manomin masara ya riga ya yanke shawarwarin da ba a warware su daga baya. Ya zaɓi gonar da za ta ɗauki masara da wadda za a bar wa dawa ko waken suya. Ya san buhu nawa na kamfa da yuriya ƙarfinsa zai kai, ya kuma san ko bijimin da ya ɗaure tun kaka ne zai biya kuɗin ko ragowar hatsin da ke rumbu. Ya riga ya kama bakin mai garmar shanu, domin ranar da ƙasa ta jiƙa kowa shi yake nema. Ya ware kuɗin 'yan ƙwadago na noman fari da na maimai. Duk wannan lissafi ya hau kan ruwan da ba shi da iko da ko ɗigo ɗaya nasa, kuma in aka tambaye shi yadda yake ganin daminar bana, amsarsa ba ta wuce: sai abin da Allah ya yi.

Akwai masu ganin tufka da warwara a nan, kuma sun kasu biyu. Ma'aikatan raya karkara da suka yi karatun tsara ayyuka sukan ji wannan amsa su ɗauke ta a matsayin sallamawa, su ce mutumin da ya miƙa komai ga ƙaddara ba zai yi tanadi ba. Ta ɗaya gefen kuma ba a rasa mai wa'azin da ke kallon yawan lissafi da hangen baɗi a matsayin raunin imani da dogon buri. Harshen ma ya ba kowa makami. Mai son ya kwanta zai ce zafin nema ba ya kawo samu, rabon kwaɗo kuma ba ya hawa sama. Mai son ya tashi zai ce mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka.

Tambayar tsari da ƙaddara ta daɗe a hannun malamai, kuma ba su ɗauke ta da wasa ba. Ibn Aɗa'illahi na Iskandariyya, wanda ya rasu a 1309, mai littafin Hikam da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya rubuta littafi sukutum mai suna Tanwir a kan jefar da tadbiri, wato bawa ya daina tsara wa kansa rayuwa kamar shi ne mai juya al'amura. Wanda ya tsaya a sunan littafin zai zaci an rufe ƙofar tsari ke nan. Amma a cikinsa malamin ya raba tadbiri gida biyu, abin zargi da abin yabo, kuma bai hana kowa sana'a ba. Abin da yake yaƙa shi ne zuciyar da ke kwana tana jayayya da hukuncin Ubangiji, mai ganin dabararta ce ke ciyar da ita. Kafin shi, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi maganar ajiya daki-daki a babin tawakkali na Ihya'u: akwai mai ɗaukar na yini kawai, akwai mai ajiye na kwana 40, akwai mai ajiye na shekara. Ya ɗaukaka na farko, amma ya yarda cewa hukuncin mai iyali daban yake da na wanda ba ya ɗauke da kowa, domin an ruwaito cewa Annabi (SAW) da kansa yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara.

Rumbu dai bai taɓa zama hujjar ƙarancin imani ba. Wanda kuma ya duba yadda aka yi Hijira zai ga aiki ne da aka raba wa kowa nasa. An tanadi raƙuma tun da wuri, an ɗauki ɗan jagora da ya san hanya, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, ko da yake a lokacin bai musulunta ba. An nufi kudu zuwa kogon Sauru alhali Madina tana arewa, aka kwana uku a can. Abdullahi ɗan Sayyidina Abubakar yana kawo labarin Makka da dare, Asma'u tana haɗa guzuri, Amiru bin Fuhaira yana bi da garken tumaki. Bayan an gama duk wannan ne masu nema suka iso har bakin kogon, a nan dabara ta ƙare, abin da ya rage dogaro ne tsantsa. Haka jerin yake a hadisin mai raƙumi da Tirmizi ya ruwaito: ɗaure raƙumin ya fara zuwa, dogaro ga Allah ya biyo.

Abin da ya ba wannan jeri gindin zama a tauhidin da aka fi karantarwa a ƙasar Hausa shi ne bayanin Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. A wurinsa wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, abinci ba ya ƙosarwa da ikon kansa. Allah ne ke halittar ƙuna da ƙoshi a lokacin da aka haɗu da su, bisa al'adar da ya gudanar, kuma yana iya saɓa ta in ya so. In aka kai wannan gona, taki ba shi ne ke ba da masara ba, amma al'adar Ubangiji ta gudana cewa masarar da ta sami taki mako biyu bayan shuka, ta ƙara samun yuriya wajen mako na shida, ita ke cika buhu. Mai tsari yana karanta wannan al'ada ne yana bin ta. Wanda ya ƙi zuba taki yana jiran a saɓa al'ada dominsa, karama yake nema ba tare da ya kai matsayinta ba.

A kan takarda ke nan. A ƙasa kuwa, yankin Funtuwa ya ga gwajin tsari irin wanda ba kowane yanki na Najeriya ya gani ba. A 1975 gwamnati da Bankin Duniya suka buɗe manyan ayyukan bunƙasa noma guda uku na farko a ƙasar, a Funtuwa da Gusau da Gombe. Na Funtuwa ya haɗa da Bakori da Faskari da Malumfashi da Ƙanƙara, Ɗandume kuma tana ciki, don a lokacin ƙarƙashin Funtuwa take. An zo da jadawali na shekara biyar: hanyoyin karkara, madatsun ruwa, cibiyoyin sayar da taki da iri, malaman gona, da lissafin yawan amfanin da ake sa ran samu. Hankalin masu tsarin ya fi karkata ga amfanin da yankin ya saba da shi, dawa da gyaɗa da auduga, musamman audugar da ta sa Turawan kamfanin BCGA suka kafa injin gurza a Funtuwa tun zamanin mulkin mallaka.

A shekarar da aka fara aikin, cutar kuturtar gyaɗa ta mamaye arewacin Najeriya, ta durƙusar da noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano. Auduga ba ta kai inda aka hango mata ba. Abin da ya tashi kuwa shi ne wanda ba a ba shi babban gurbi a takarda ba: masara, wadda a da 'yar bayan gida ce da ake gasawa ko a dafa a tsakiyar damina. Irin farar masara mai suna TZB da cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar ya haɗu da taki mai rangwame da sababbin hanyoyin mota da kasuwar kudu mai yunwar hatsi, sai manoma suka rungume ta da hannu biyu. Kasuwar hatsin Ɗandume, wadda tireloli ke lodi daga cikinta zuwa sassan ƙasar nan, ta ci moriyar wannan sauyi. Za a ce tsarin ya ci nasara ko ya faɗi? Hanyoyin da ya gina da takin da ya kawo su suka share wa masara fage, amma ba ita ya fito nema ba. Da masu aikin sun kafe a kan abin da suka rubuta tun farko, da sun yi faɗa da arzikin da ya zo musu ta wata ƙofa.

Wani abin da ya faru tun kafin lokacin ya fi wannan koyarwa. Malaman gona sun daɗe suna cewa a shuka auduga da wuri, cikin Yuni, kuma a shuka kowane amfani shi kaɗai a gonarsa. Manoma suna jin su, suna kuma ci gaba da jinkirta auduga zuwa Yuli, suna haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya. An kira wannan taurin kai da jahilci. Sai wani masanin tattalin arzikin noma a Samaru, David Norman, ya zauna da manoman ƙauyukan Zariya tun daga 1966 yana ƙirga awannin aikinsu da abin da suke girba. Ya tarar cewa abin da ya fi ƙaranci a gidan manomi a Yuni da Yuli hannu ne, lokacin da ciyawa ke tsere da shuka, don haka ba zai bar abincin gidansa ya tafi wa auduga ba. Ya kuma tarar cewa haɗa amfani yana ba da riba mai kyau a kan aikin da aka zuba, kuma bai cika barin mutum hannu rabbana ba in damina ta yi gardama. Mutanen da kakanninsu suka ga yunwar Kakalaba ta 1914, su da kansu kuma suka ga farin 1973, shekara mara kyau suke yi wa shiri. Takardar ofis kuwa matsakaiciyar shekara take yi wa lissafi, wadda ba kullum take zuwa ba.

Abin sha'awa, kayan aikin tsara ayyuka na zamani su ma a kan wannan matsala suka girma. Jadawalin da Ba'amurke Henry Gantt ya yaɗa a shekarun 1910 yana jera ayyuka ne a kan layin kwanaki, kowanne da ranar farawa da ta gamawa, tamkar komai zai tafi yadda aka zana. A 1957 kamfanin DuPont ya fito da dabarar gano jerin ayyukan da in ɗaya ya makara dukan aiki ya makara. A gonar masara jerin nan shi ne huɗa, shuka, noman fari, taki, kuma kowane manomi ya san shi ba tare da ya ga allo ba. A 1958 sojojin ruwan Amurka, wajen ƙera makamin Polaris, suka kawo tsarin PERT, wanda ya hana injiniya ba da wa'adi guda. Sai ya faɗi uku: in komai ya yi daɗi, in an yi yadda aka saba, in abubuwa sun lalace. Wato sun tilasta wa mai tsari ya rubuta jahilcinsa game da gobe a cikin lissafinsa. Duk da haka ɗan'adam bai daddara ba. Gidan wasan Sidni na Ostareliya an ce za a gama shi a 1963 da dala miliyan 7. An buɗe shi a 1973 bayan ya ci miliyan 102. A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana wannan hali da cewa kuskure ne da ke bin masu tsari a ko'ina: su hango hanya mai santsi, su manta yadda irin aikin ya saba ƙarewa a hannun wasu.

Musulmi yana da umarni a Suratul Kahfi cewa kada ya ce zai yi wani abu gobe ba tare da ya jingina shi ga nufin Allah ba. Ayar ba ta hana shi niyyar gobe ba, ta hana shi yankewa ne. Wanda ya riƙe ta da gaske ya kamata ya fi kowa barin sarari a tsarinsa: irin da zai sake shukawa in ruwa ya ɗauke bayan tsiro, kadadar dawa a gefen masara, ɗan abin da ba a taɓawa sai ta ɓaci. Sai dai a bakin mutane da yawa, daga tela har ɗan kwangila, in sha Allahu ta koma hanyar zillewa alkawarin da tun farko ba a yi niyyar cikawa ba, kuma wannan cin amanar kalmar ne.

Maganar hasashen ruwa ita ma a nan take. A farkon kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen lokacin saukar damina da tsawonta da inda ake tsoron ruwa zai yi tsaiko. Wasu sukan yi tsaki su ce shiga gaibu ne, suna tuna ƙarshen Suratu Luƙman da hadisin Hudaibiyya da ke cikin Muwaɗɗa, inda aka yi kashedi mai tsanani ga mai cewa tauraro kaza ne ya ba shi ruwa. Amma malaman hisabi na ƙasar Hausa sun daɗe suna raba shekara taurari 28, kowanne kwana 13 in ban da guda mai 14, suna gaya wa manoma an shiga Suraya ko Nasara ko Ɗarfa, manoma kuma suna auna shukarsu da haka. Imam Shafi'i ya riga ya raba gardamar: wanda ya ɗauki tauraro a matsayin mai saukar da ruwa ya kauce, wanda ya ɗauke shi alamar lokaci bai yi laifi ba. Na'urar auna iska ba ta fi tauraro iƙirarin sanin gaibu ba, kuma mutanen da ke sauraron hasashen a rediyo su ne dai ke fita roƙon ruwa in sama ta ɗauke.

Haɗarin da ke fuskantar Ɗandume a yau ya fito ne ta wani ɓangaren. Masara ta kawo kuɗi, ta kuma kawo tsari mai ƙarancin sarari. Ba ta yi sai da taki, taki kuma sai da kuɗi ko bashi. Tun 2016 tsutsar da ke cin zuciyarta ta ƙara kuɗin feshi a kan lissafi. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin huɗa da na dako. Farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabi a 2024, mutane suka faɗaɗa gonaki, 'yan kasuwa suka cika sito suna jiran ƙari. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma cikin 2025 farashi ya faɗi warwas, har aka kai buhun taki ya fi buhun masara tsada. Manomin da ya zuba komai a amfani ɗaya da kuɗin bashi ya yi tsari, babu shakka, amma irin na mai tabbacin gobe. Kakansa da ke haɗa gero da dawa da wake ya fi shi kusa da ma'anar ayar Kahfi, ko da bai taɓa zama gaban malamin tafsiri ba.

A nan ne kuma ya kamata a yi hattara da kalmar ƙaddara, don tana da sauƙin zama mayafi. Komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, wannan aƙida ce. Amma takin gwamnati da ya iso bayan masara ta fitar da goyo, wani ne ya makara da shi. Gonakin da aka bari a Ɗandume da Sabuwa da Faskari saboda 'yan bindiga, har ta kai a Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, Ɗandume na ciki, ba fari ne ya kore masu su ba. Lokacin annobar Amwas, da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa makiyayin da ya kai raƙumansa gefen kwari mai ciyawa da wanda ya kai su gefen da ya bushe duk cikin ƙaddara suke, amma zaɓin yana wuyansu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da manoma da masu sana'a da gina garuruwa da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin aikin shugaba. Talaka yana iya cewa haka Allah ya so don ya sanyaya zuciyarsa. In mai riƙe da amana ya faɗe ta don kada a tambaye shi, ya ari maganar da ba tasa ba.

Saura tambayar da ta fi tsaya wa garin 'yan hatsi a rai: tsarin don wa aka yi shi? Alƙur'ani ya kawo tsare-tsaren noma guda biyu masu kishiyantar juna. Na Annabi Yusuf shiri ne na shekara 14: a yi noma bakwai a jere, a bar hatsi cikin zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan, a ajiye saura saboda bakwai na fari, kuma da yunwar ta zo har mutanen wasu ƙasashe sun ci daga ciki. Na biyu shi ne na masu lambun Suratul Ƙalam, waɗanda su ma sun tsara komai: za su yi sammako su girbe, su yi magana ƙasa-ƙasa, don kada miskini ya ji ya zo. Ba su yi togaciya ba, ba su kuma bar rabon kowa ba, suka wayi gari lambun ya ƙone. Ta fuskar dabara ba abin da ya rage musu. Inda suka faɗi shi ne abin da suka shirya dabarar ta cim ma.

Tsakanin waɗannan biyu ne siton Ɗandume yake tsaye. Malaman Malikiyya ba su ɗauki manomin da ya ajiye abin da ya noma a matsayin mai ɓoye abinci ba, ba su kuma hana saye da arha a kaka don sayarwa daga baya ba matuƙar bai cutar da kasuwa ba; ai ba don masu ajiya ba, da hatsi ya ƙare tun kafin marka. Abin da suka hana shi ne kwashe abinci daga kasuwa lokacin da jama'a ke cikin matsi don farashi ya hau, kuma sun ba hukuma damar tilasta fitar da shi in yunwa ta tsananta. Iyakar ba a jikin buhu take ba, kuma ba kullum mai kallo daga waje zai gane ta ba. Buhu 500 a sito ɗaya na iya zama tanadi a Nuwamba ya koma zalunci a Agusta, gwargwadon abin da ke cikin tukwanen maƙwabta. Zakkar hatsi kuwa, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ranar girbi ake fitar da ita, kafin a san ko farashi zai hau ko zai sauka, kuma manoma da yawa a yankin har yanzu a bakin masussuka suke ware ta, kafin motar da za ta kai saura kasuwa ta iso.